Raɓa a Cikin Kwamfuta: Lokacin da Take Sauka da Yadda Ake Tare Ta

Ka fito da kwalbar ruwa daga firiji ka ajiye a kan tebur, kafin minti biyar za ka ga ta jiƙe sharkaf ta waje. Ruwan nan iskar ɗakin ce ke ɗauke da shi tun farko, da ta taɓa jikin kwalba mai sanyi sai ta sauke shi. Haka yake faruwa a cikin kwamfuta, sai dai a can raɓar tana sauka ne a ƙarƙashin ƙarfen zuƙe zafi, da cikin ramin RAM (ma'adanar bayanai ta wucin gadi), da bayan madabod (babban allon da ake haɗa duk kayan a kansa), wuraren da ido ba ya kaiwa. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa ya fi kowa damar magance wannan, domin shi ya zaɓi akwatin, shi ya ɗaura fankoki, shi kuma ya san inda kowace waya ta bi.

Kafin a sayi komai da sunan kariya, akwai lissafi ɗaya da ya kamata a iya. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa. Kubik mita ɗaya ta iska a digiri 30 na ma'aunin Salsiyas tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20 giram 17 ne iyakarta, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗoriya. Idan ma'aunin laima ya nuna kashi 80 cikin 100, yana nufin iskar ta ɗauki kashi 80 na abin da za ta iya riƙewa a wannan zafin. Ka sanyaya wannan iskar, ruwan da ke cikinta yana nan yadda yake, amma iyawarta tana raguwa, har a kai wani mataki da za ta cika ta fara zubarwa. Wannan shi ne matakin raɓa, kuma duk wani ƙarfe ko gilashi da sanyinsa ya sauka ƙasa da shi zai yi gumi.

Akwai hanyar ƙiyasta shi da ka. A cire adadin laima daga 100, a raba abin da ya rage gida 5, sannan a cire sakamakon daga zafin ɗakin. Ɗaki mai digiri 30 da laima kashi 80: 20 ne ya rage, a raba 5 ya ba da 4, matakin raɓa ya zama digiri 26. Ɗaki mai digiri 25 da laima kashi 60 kuwa, matakinsa wajen 17 ne. Lissafin yana tafiya daidai muddin laima ta haura kashi 50, wato daidai inda ake buƙatarsa. Dubi misalin farko da kyau: digiri 4 kacal ne tsakanin lafiya da jiƙewa.

Daga nan za a gane abin da mutane da yawa ke fahimta a baibai. Kwamfutar da ke kunne tana aiki ba ta tara raɓa, ko da ana tsakiyar damina. Komai na cikinta ya fi iskar ɗaki zafi. Iskar nan mai digiri 30 da laima kashi 80, idan ta shiga akwati ta ɗumama zuwa digiri 40, laimarta tana faɗuwa zuwa wajen kashi 46. Haka ma na'urar da ke sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ruwa ta hanyar lagireto da fanka: iskar ɗaki ce ke sanyaya ruwan, don haka ba zai taɓa fin ta sanyi ba, tiyonsa kuma ba zai yi gumi ba. Haɗarin yana wurin kwamfutar da ke kashe, wadda ta yi sanyi, sannan iska mai ɗumi da laima ta same ta.

Hanyar da aka fi faɗawa cikin wannan ita ce ta esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. An sanyaya ɗaki zuwa digiri 18 tsawon dare, kwamfuta tana kashe, ta ɗauki sanyin ɗakin gaba ɗaya. Da safe aka kashe esi ko wuta ta ɗauke, aka buɗe taga. Iskar waje mai matakin raɓa 26 ta shigo ta tarar da ƙarfe mai digiri 18. Gilashin gefen akwati zai yi hazo, a goge shi a ɗauka shi ke nan. Amma babban ƙarfen zuƙe zafi na furosesa yana iya kai nauyin kilo guda, na katin hoto ma haka, kuma irin wannan ƙarfe yana daɗewa bai ɗumama ba. Yana nan yana tara ruwa bayan gilashin ya bushe. Mai kwamfuta ya zo ya danna maɓalli a daidai wannan lokacin.

Ɗaukar kwamfuta daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, ko sauke sababbin kayan da suka kwana a mota cikin sanyi, duk abu ɗaya ne. Maganinsa haƙuri da leda. Tun tana wurin sanyin a saka ta cikin babbar leda a ɗaure baki, yadda raɓar za ta sauka a jikin leda. A bar ta a sabon wurin awa 3 zuwa 4 kafin a kwance. Idan bambancin zafin ya kai digiri 15 ko fiye, ko akwai faifan HDD (faifan ajiyar bayanai mai juyawa) a ciki, a bar ta ta kwana. Yawancin faifan HDD suna da ɗan ramin numfashi mai matata a jikinsu, iska tana shiga tana fita, kuma tazarar da ke tsakanin kan karatu da faifan ba ta kai ko kusa da kaurin gashi ba. Ɗigon da ido ba ya gani ya ishe shi. Waɗanda aka cika da iskar hiliyam ne kawai a rufe suke ruf.

Ruwan raɓa shi kansa kusan tsarkakakke ne, ba ya ɗaukar wuta sosai. Abin da ya tarar a kan bod (allon da aka dasa kayan lantarki a kai) ne ke mayar da shi guba. Ƙura tana ɗauke da gishiri iri-iri, ga ragowar man dalma da aka bari tun daga masana'anta, ga zufar yatsun wanda ya haɗa. Da ruwa ya narkar da waɗannan sai ya zama hanyar wuta. Layukan da ke kan kayan zamani kuma a matse suke: sandar RAM ta DDR4 ko DDR5 tana da haƙora 288, tsakanin kowane biyu bai kai milimita ɗaya ba. Soket ɗin LGA1700 na Intel, wato mazaunin furosesa, yana da allurai 1,700, AM5 na AMD kuma 1,718. Idan ɗigo ɗaya ya haɗa layin bolt 12 da layin da aka yi don bolt ɗaya da ɗoriya, an gama.

Wannan ita ce mutuwar farat ɗaya, kuma ba ita ce ta fi yawa ba. Ta sannu a hankali ta fi ta. Idan akwai danshi tsakanin layuka biyu masu wuta, ƙarfen ɗaya yana narkewa kaɗan-kaɗan ya bi ruwan ya taru a ɗayan, yana tsirowa kamar saiwa, har wata rana ya haɗe su. Wannan ba ya ma jiran raɓa ta sauka. Gishirin girki yana fara jan ruwa daga iska ya narke da kansa idan laima ta kai wajen kashi 75, don haka bod mai ƙura a ɗaki mai laima kashi 80 a jiƙe yake ko da ka taɓa ka ji shi a bushe. Waɗanda ke kusa da teku sun fi kowa shan wannan wahala, domin iskarsu da gishirinta take zuwa.

Ga kuma abin da ake mantawa: kashe kwamfuta daga Windows ko Linux ba ya yanke wuta daga madabod. Akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan ciki lantarki, yana ci gaba da ba da bolt 5 na jiran aiki ta wayar nan mai launin shunayya a cikin babbar mahaɗa mai ramuka 24, shi ya sa wasu fitilu da ramukan USB ke zama da wuta. Ƙaramin batirin CR2032 shi ma yana ba da bolt 3 dare da rana. Saboda haka kwamfutar da aka kashe aka bari a jone cikin ɗaki mai laima ta haɗa abubuwa uku mafi muni: sanyi, danshi da wuta. Ko dai a riƙa kunna ta kullum ta yi awa ɗaya ko biyu ta ɗumama, ko a kashe makunnin bayan akwatin wuta a zare waya. Tsaka-tsakin nan ne ke cin bod.

Alamomin ba sa zuwa da suna a goshi. Kwamfuta ta ƙi tashi da safe amma ta tashi da rana. RAM ta fara ba da kuskure, a zare a mayar ta dawo daidai na kwana biyu. Agogo da saitin BIOS (manhajar madabod da ke tada kwamfuta) suna gogewa alhali batir sabo ne. A haska tocila a duba kawunan sukurori da ƙarafunan bayan akwati, domin su ke fara yin tsatsa. Kore-kore a kan jan ƙarfe, ko farin gari kamar alli a gindin ƙafafun kayan da aka yi wa dalma, shaida ce cewa ruwa ya riga ya zauna a wurin.

Ɗakin ake gyarawa kafin akwatin

Kayan aiki na farko shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin zafi da laima, a ajiye shi kusa da inda fankar gaba ke jan iska. Masu araha sukan yi kuskure, amma gwada su ba wuya. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙa ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba marar shigar iska na tsawon awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna kashi 75. Idan ya nuna 70, ka san za ka riƙa ƙara 5 a kan duk abin da ya faɗa.

Abin nema shi ne laima tsakanin kashi 40 da 60. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, tana ba manyan ɗakunan sabar (kwamfutocin da ke riƙe bayanai) shawarar zafi tsakanin digiri 18 da 27, matakin raɓa kuma kada ya wuce 15. Ɗakin gida ba sai ya kai wannan ba, amma ya nuna inda aka dosa. Kada kuma a wuce gona da iri: idan laima ta faɗi ƙasa da kashi 30, wutar da ke taruwa a jiki da tufafi tana ƙaruwa, tartsatsinta ɗaya a kan RAM ya isa ɓarna.

Esi tana busar da iska, wannan gaskiya ne, ruwan da ke ɗiga ta tiyonta na waje daga ɗakin ya fito. Matsalarta ita ce sanyin da take bari a jikin ƙarfe. Saita ta a 24 ko 25 ya fi 17 aminci nesa ba kusa ba. Kada iskarta ta riƙa bugun akwatin kai tsaye, kuma bayan an kashe ta a bar ƙofa da taga a rufe na awa guda, ɗakin ya ɗumama a hankali. Inda laima ke zama sama da kashi 70 na watanni, na'urar tsotse laima ta fi esi dacewa da wannan aikin, tunda ita busarwa take yi ba tare da ta sanyaya kaya ba.

A ɗaga akwatin daga ƙasa kamar santimita 15, a kuma janye shi daga bango kamar haka. Daɓen siminti da bangon waje sukan fi sauran ɗaki sanyi da danshi, kuma a yawancin akwatunan yanzu fankar akwatin wuta ƙasa take kallo, tana shaƙar duk abin da ke wurin. Fankokin da ke shigo da iska su ɗan fi masu fitarwa ƙarfi, kowace da matatarta, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta ramukan da ba su da kariya. Matatar da aka wanke sai ta bushe ƙayau kafin a mayar. Rufe kwamfuta da leda ko bargo bayan an kashe ta yana tare ƙura amma yana kulle danshi. Yadi marar kauri ya fi.

Sai batun silika jel, 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sababbin kaya. Mutane kan jefa biyu ko uku a gindin akwati su samu kwanciyar hankali. Lissafi bai goyi bayansu ba. Fanka ɗaya mai faɗin milimita 120 tana iya tura iska wajen kubik mita 85 a awa. A digiri 30 da laima kashi 70, kowace kubik mita tana ɗauke da giram 21 na ruwa, wato sama da kilo ɗaya da rabi na tururi ke ratsa akwatin kowace awa. Silika jel kuwa ba ya shan abin da ya wuce kashi 35 zuwa 40 na nauyinsa. Ƙullin giram 10 zai ƙoshi tun ranar farko. Inda yake da amfani shi ne wurin da aka rufe ruf: katin hoto ko madabod da za a ajiye na watanni, a saka a ledarsa ta kariya daga tartsatsi, a saka cikin roba mai murfin da ke kamawa, tare da giram 50 zuwa 100. Mai canza launi ya fi, shuɗi yana komawa ruwan hoda idan ya ƙoshi, ruwan lemo kuma yakan koma kore. Ana farfaɗo da shi a oban a wajen digiri 120 na awa biyu. Shinkafa da ake ta ambato ba ta yin wannan aikin, gari kawai take bari a ramuka.

Wajen share ƙurar ma ana jawo ruwa. Gwangwanin iska idan aka karkata shi ko aka juya shi ƙasa, ruwan sinadari mai tsananin sanyi yake fesowa, wurin ya yi fari da ƙanƙara, ta narke ta zama ruwa. A riƙe shi a tsaye, a fesa a gajarce. Kwamfireso kuma yana tara ruwa a tankinsa, idan ba shi da matatar ruwa a bakin tiyo to feshi yake yi wa bod.

Masu sauka ƙasa da zafin ɗaki

Duk abin da aka faɗa cewa kwamfuta mai aiki ba ta gumi ya rushe da zarar an kawo abin da ke sanyaya ta fiye da iskar ɗaki: farantin Peltier (wanda gefensa ɗaya ke yin sanyi idan an ba shi wuta), ko injin sanyaya ruwa, ko ma kawai a ajiye lagireto a bakin esi ko a waje cikin sanyin hunturu. Nan ruwan tiyo zai iya sauka ƙasa da matakin raɓa, tiyo da ƙarfen da ruwan ke ratsawa a kan furosesa su fara ɗiga, kuma katin hoto ne a ƙarƙashinsu. Ƙa'idar ita ce a riƙe ruwan digiri 2 zuwa 3 sama da matakin raɓa, a tuna kuma matakin yana motsi, na safe daban na bayan ruwan sama daban. Da Intel ta fito da tsarinta na Cryo Cooling a 2020 tare da Cooler Master da EK, sai da aka haɗa shi da ma'aunin laima da ke lissafa matakin raɓa yana rage sanyin da kansa. Kamfanin da ya ƙera furosesar ma bai yarda ya bar wannan ga ƙiyasin mai amfani ba.

Masu gasar gudun furosesa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, sun san raɓa ba makawa ce, don haka toshe mata hanya suke yi. Suna shafe kewayen soket da man da ba ya ɗaukar wuta, su danna roba mai laushi irin ta goge fensir a tsakanin kayan, su rufe gaba da bayan bod da soso marar shan ruwa, su naɗe da takardar goge hannu. Wannan shiri ne na 'yan awoyi, kuma su kansu sun ɗauki asarar bod a matsayin kuɗin wasan. Ba tsarin kwamfutar aikin yau da kullum ba ne.

Ga mai ruwa na yau da kullum, yoyo ne abin tsoro. Bayan haɗa tiyo, a zare duk wayoyin wuta daga madabod da katin hoto, a kunna famfo shi kaɗai ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa a babbar mahaɗa, a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗar tiyo, a bar shi awa 24. Kada a haɗa alminiyam da jan ƙarfe a zagayen ruwa ɗaya. Ruwan yana mayar da su kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa har ya huje.

Akwai kuma fentin kariya da ake fesa wa bod, siriri kamar kaurin gashi, na akirilik ko na silikon. A masana'antu da jiragen ruwa abu ne da aka saba, kuma yana aiki. A kwamfutar gida wahalarsa tana da yawa. Dole a wanke bod ya bushe sarai, in ba haka ba an kulle gishiri da danshi a ƙarƙashin fentin. Dole a rufe soket, ramukan RAM, PCIe da M.2 (inda ake cusa katin hoto da faifan ajiya), duk mahaɗai, mazaunin batir, da saman duk abin da ƙarfen zuƙe zafi ke taɓawa. Ka lura, wuraren da aka bari a buɗe su ne dai waɗanda danshi ya fi ci. Garanti kuma ya tafi. Ga wanda kwamfutarsa ke zaune a shagon aiki marar rufi sosai ko a bakin teku, yana iya biyan wahalarsa, kuma na akirilik ya fi sauƙin cirewa idan gyara ya taso. Ga mai ɗaki da ƙofa da taga, kuɗin ya fi amfani a na'urar tsotse laima.

Idan kuwa an riga an jiƙe, ko an buɗe an ga ɗigo, kada a kunna don a gwada ko tana aiki. Gwajin ne ke ƙona ta. A zare waya daga bango, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15, a cire batirin CR2032. A fitar da RAM, katin hoto da faifan ajiya na SSD, a kwance ƙarafunan zuƙe zafi, domin ruwa yana shigewa ƙarƙashinsu da ƙarƙashin manyan cif-cif ya maƙale. A wanke wuraren da abin ya shafa da sinadarin IPA (wani nau'in sifirit na goge kayan lantarki) mai ƙarfin kashi 99 da burushi mai laushi. Na kashi 70 da ake goge rauni da shi kusan sulusinsa ruwa ne, bai dace ba. Allurai na cikin soket kuwa ba a kai musu burushi, lanƙwashewa suke yi. A jingine kayan a tsaye a gaban fanka, a wuri mai ɗumi da bai wuce digiri 50 ba, na kwana 2 zuwa 3. Na'urar busar da gashi tana tura ruwan can ciki, zafinta kuma yana taruwa a wuri ɗaya.

Akwatin wuta shi kaɗai ne ba a buɗewa. Babbar kafasitar cikinsa, wadda ke tara caji, tana riƙe wajen bolt 400, kuma tana iya zama da caji bayan an zare waya. Idan ruwa ya shige shi, a canza shi. Wajen mayar da sauran kayan, a shafa sabon man zafi, a fara da madabod, furosesa da sandar RAM ɗaya kawai a kan kwali a wajen akwati. Idan hoto ya fito, a ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan a bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ya zagaya sau huɗu. Bayan wata guda a sake buɗewa a haska tocila a wuraren da ruwan ya taɓa, domin gishirin da wanki bai fitar ba a lokacin ne yake fara nuna kore.